Jirgin Liberty na Tulamben: Nazari Kan Nutso da Numfashi Ɗaya a Dab da Gaɓa

A ƙauyen Tulamben, can arewa maso gabashin tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, akwai wani jirgin ruwa mai tsawon fiye da mita 120 kwance a ƙarƙashin teku, kuma ba sai an hau kwalekwale ake zuwa wurinsa ba. Mutum ya fito daga masauki, ya taka duwatsun bakin ruwa, ya yi iyo na kamar mita 30 ko 40, sai ya hangi baƙin ƙarfe a ƙarƙashinsa. Inda ya fi kusa da saman ruwa zurfinsa wajen mita 5 ne, inda ya fi nisa kuma yana kaiwa kusan mita 30. Sunansa Liberty.

Masu goya tukunyar iska ne suka fara sa wurin ya yi suna. Daga baya masu nutso da numfashi ɗaya suka shigo, wato waɗanda ke cika huhu a saman ruwa, su gangara, su duba abin da za su duba, su dawo kafin numfashin ya ƙare. Wanda ya taɓa kallon gasar nutso a wasan kabanci na bikin kamun kifin Argungu ya san irin wannan riƙe numfashi, ko da yake teku da kogi kowanne da halinsa.

Na ɗauki Liberty ne domin nazari saboda komai nasa yana ce wa baƙo ya zo, ba wuya. Ruwan da ɗumi, yakan tsaya tsakanin digiri 27 zuwa 29 a mafi yawan shekara. A rana mai kyau ana hango jirgin tun daga sama. Gaɓa kuma ga ta nan, har kana jin muryar mutane. To wannan sauƙin ne ke kawar da duk masu tsaron da aka saba da su a wasu wurare. Inda ake zuwa da jirgi, akwai matuƙi mai ƙirga mutane sa'ad da suka shiga da sa'ad da suka fito, akwai jagora, akwai wanda zai tambaye ka takardar horo. A Tulamben mai tabarau da takalman iyo na iya shiga ruwa ba wanda ya tambaye shi ko sunansa.

Yadda jirgin ya zo nan

An ƙera Liberty a Kearny da ke jihar New Jersey ta Amurka, aka sake shi ruwa a watan Yunin 1918, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jirgin dakon kaya ne, kuma tafiyarsa ta farko dawaki ya kai Faransa. Akwai rikicewar suna da ya kamata a warware tun yanzu. Ba ya cikin jerin jiragen nan fiye da 2,700 da Amurka ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda ake kira jiragen Liberty, domin ya girme su da fiye da shekara 20. Kuma ba shi ne jirgin leƙen asirin Amurka mai wannan suna da sojojin Isra'ila suka kai wa hari a Bahar Rum a 1967 ba.

A 1940 sojojin ƙasa na Amurka suka karɓe shi domin jigila. Ranar 11 ga Janairun 1942, yana tafe daga Ostareliya ɗauke da kayan layin dogo da roba, jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-66, wanda daga baya aka mayar da lambarsa I-166, ya harbe shi a kusa da mashigin Lombok. Bai nutse nan take ba. Jiragen yaƙi biyu, Paul Jones na Amurka da Van Ghent na Holan, suka ɗaure shi suna ja zuwa tashar da ke yankin Singaraja a arewacin Bali, domin a lokacin Holan ce ke mulkin tsibiran. Ruwa ya yi ta shiga har ya fi ƙarfin masu jan, sai aka tura shi gaɓar Tulamben don a ceci kayan da ke ciki. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka sojojin Japan suka sauka Bali, zancen gyara ya mutu.

Shekara 21 ya yi a bakin ruwa rana na dukansa. A 1963 Dutsen Agung, wanda Tulamben ke zaune a gindinsa, ya yi aman wuta. Ya fara a watan Fabrairu, ya yi mafi muni ranar 17 ga Maris, ya kashe fiye da mutum 1,000, ya binne ƙauyuka da gonaki. Girgizar da ta zo da aman ce ta zame jirgin daga gaɓa zuwa gangaren baƙin yashi da ke ƙarƙashin ruwa, inda ya kwanta a gefensa na dama, tsawonsa na bin tsawon gaɓar. Mutanen da suka rasa komai a wannan shekara, jikokinsu ne yau ke cin abinci daga ƙarfen da dutsen ya tura cikin ruwa.

Yanayin wurin

Tulamben tana gundumar Kubu a yankin Karangasem, tafiyar kusan awa 3 a mota daga filin jirgin saman Denpasar. Ana cewa sunan ya samo asali daga kalmar batulambih, wato duwatsu masu yawa, kuma wanda ya je ba zai yi musu ba. Bakin ruwan babu farin yashi irin na hotuna. Baƙaƙen duwatsu ne mulmulallu, wasu kamar dunƙulen hannu wasu kamar kan mutum, suna mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. In teku na kwance ba matsala. In raƙuman ruwa sun taso, shiga da fita su ne farkon wahala, domin ruwan na jan duwatsun ya buga su a idon sawu. Matan ƙauyen da ke dakon tukwanen iska a ka, wata har biyu a lokaci guda, su ne suka san takun wurin.

Da yake jirgin a kan gangare yake, ya zama kamar bene mai hawa uku ga mai nutso. Gefen da ke fuskantar gaɓa yana tsakanin mita 5 zuwa 10. Tsakiya na wajen mita 15 zuwa 20, inda ake samun manyan haƙarƙarin ƙarfe da abin da ya saura na rumbun kaya. Gefen da ke fuskantar zurfi ya gangara har kusan mita 30. Shekaru fiye da 60 a ruwa sun sa murjani da soson teku sun lulluɓe shi har da wuya ka ga ƙarfe tsirara. Da asuba akan ga garken manyan kifayen nan masu ƙullutu a goshi da baki kamar na aku, waɗanda ke kwana a jirgin su fita kiwo in gari ya waye. Akwai kunkurun teku, akwai kifin barakuda, a kan yashin da ke kusa da gaɓa kuma akwai wasu siraran kifaye masu kama da maciji da ke tsaye rabin jikinsu a rami, suna rausaya kamar ciyawa, su shige in ka matso.

Kyan nan yana cikin matsalar. Duk inda ka tsaya, akwai abin da ya fi kyau mita biyu a ƙasa da kai.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Ba a gane lamarin sai an fahimci lissafi ɗaya, kuma mai sauƙi ne. A saman ruwa nauyin iska ɗaya ke kan mutum. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara kwatankwacin wannan nauyi. A mita 10 matsin ya zama biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Iska kuma tana takurewa daidai yadda matsi ya ƙaru, abin da Robert Boyle ya bayyana tun 1662. Wanda ya shiga da lita 6 a huhu, a mita 10 ta koma lita 3, a mita 20 lita 2, a gindin Liberty lita ɗaya da rabi. A lura da inda canjin ya fi girma: mita 10 na farko, wato daidai inda kowa ke ɗauka wurin wasa ne.

Kunne ke fara magana. Tun a mita ɗaya zuwa biyu ake jin dodon kunne na danna ciki, kuma in aka yi taurin kai aka ci gaba, yana iya fashewa cikin 'yan mitoci. Maganin shi ne a toshe hanci a tura iska zuwa cikin kunne, tun kafin a ji zafi, a kuma riƙa maimaitawa. Sabon shiga yakan yi yunƙuri da ƙirji da ciki, wanda ke aiki a tsaye amma yakan ƙi in kai na ƙasa kuma huhu ya takure. Masu nutso kan koyi wata dabara da ake jinginawa ga Hermann Frenzel, Bajamushen da ya koyar da ita ga matuƙan jiragen yaƙi a 1938: a rufe maƙogwaro, a yi amfani da bayan harshe a danna iskar da ke baki zuwa sama. Tabarau ma sai an riƙa hura masa iska ta hanci, in ba haka ba ya tsotsi ido har jini ya kwanta. Shi ya sa ƙaramin tabaran iyo marar hanci ba na nutso ba ne. Mai mura kuwa ya haƙura da ruwa ranar nan.

Jiki ba ya barin mutum haka. Da fuska ta taɓa ruwa aka riƙe numfashi, bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke domin a tara jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, saifa ta matse ta saki ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. A nan Indonesiya aka yi binciken da Melissa Ilardo ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna saifar mutanen Bajau, masu rayuwa a kan teku da nutso, ta fi ta maƙwabtansu Saluan girma da kusan rabi. Amma baƙon da ya sauka jirgin sama shekaranjiya ba Bajau ba ne.

Yanzu ga asalin haɗarin. Abin da ke sa mutum jin dole ya yi numfashi taruwar iskar kabon dayoksaid ce a jini. Ita ce ke kawo ƙunar ƙirji da wannan zabura ta tsokar da ke raba ƙirji da ciki, mai kama da shaƙuwa. Ƙarancin oksijin kuwa ba shi da ƙararrawa mai ƙarfi. Wanda ya yi ta shaƙa da fesarwa da sauri kafin ya nutse, ya fitar da kabon dayoksaid ɗin, ya kashe ƙararrawar, alhali oksijin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Zai ji daɗin nutso, zai daɗe, kuma ba abin da zai gargaɗe shi.

Ga kuma zurfi na ƙara ruɗi. Iskar da ke cikin huhun mai hutawa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 14 cikin 100. In ta sauko wajen kashi 4, mutum na bakin suma. To a mita 20 matsi uku ne, saboda haka kashi 4 na shiga jini da ƙarfin da ya yi kusa da na kashi 12. Mai nutso na jin garau. Da ya juya ya nufi sama, huhu ya buɗe, matsin ya faɗi, kashi 4 ɗin nan ya koma ainihin kashi 4. Wannan ya sa mafi yawan suma ke faruwa a 'yan mitocin ƙarshe, ko ma bayan kai ya fito an shaƙi iska sau ɗaya ko biyu, kafin sabon oksijin ya isa ƙwaƙwalwa. Ba ihu, ba fafutika. Mutum ya yi shiru kawai, fuska ta koma ruwa.

Safiya ɗaya a kan jirgin

Mu ƙaddara abokai biyu ne suka zo. Dukansu gwanayen iyo ne, ɗaya ya taɓa yin kwas na kwana biyu ko uku irin wanda ƙungiyoyin masu nutso da numfashi ɗaya kamar AIDA ke shiryawa, wanda ba ya wuce zurfin mita 20, kuma a jikin igiya ake yinsa, malami na kusa. Sun shiga ruwa wajen ƙarfe 10. Nutso na farko da na biyu sun tsaya a mita 6 zuwa 8, ɗaya na sama yana kallon ɗaya, komai lafiya.

A na uku abubuwa ke fara zamewa, kuma ba wani babban kuskure aka yi ba. Wanda ke sama ya hango kunkuru ya bi shi da ido, ko ya ciro kyamara. Wanda zai nutse ya rage hutu saboda yana so ya riski kifin da ya gani kafin ya wuce, ya ɗan yi numfashi da sauri don ya ji ya shirya. Ya gangara mita 12, ya ga wata kafa tsakanin ƙarafa da haske ke ratsawa, ya bi. A kan igiyar horo lissafin lokaci a bayyane yake: kusan mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ka taɓa alama ka juyo, mita 15 ta ci rabin minti da 'yan kai. A kan jirgi babu alamar juyawa. Tafiya ce ta kwance, ana kaɗa ƙafa ana ƙona oksijin, ido na kan kifi, kuma gangaren na jan mutum ƙasa a hankali. Da an wuce zurfin mita 10 huhu da rigar roba sun takure, jiki ya daina tasowa da kansa, ya fara nitsewa. Wanda ya yi niyyar mita 12 sai ya tsinci kansa a 17 bai sani ba.

Sa'ad da ya ji zaburar ciki ya ɗaga kai, akwai ƙarfe a samansa. Sai ya ƙara mita 3 ko 4 a kwance kafin ya sami sarari. Ya taso da sauri, a wurin da ba nan ya shiga ba, wataƙila mita 20 daga abokinsa. Ya fito, bututun da ake numfashi da shi a saman ruwa na bakinsa, ya yi ƙoƙarin fesar da ruwan da ke ciki da ɗan abin da ya rage masa.

Daga nan lamarin ya rabu biyu, kuma abin da ya raba shi nisan abokin ne. In abokin na bisa kansa tun yana ƙasa, ya tare shi a 'yan mitocin ƙarshe, yana kallon idonsa, to ko ya suma abin da za a yi sananne ne. A tallafi kansa a ɗaga hanci da baki sama da ruwa, a zare ɗamarar dalmar da ake ɗaurawa don sauƙin nitsewa in ta yi nauyi, a cire tabarau, a hura masa iska a fuska, a ɗan bubbuga kumatu, a kira sunansa a ce ya numfasa. Maƙogwaro kan rufe da kansa a farkon suma ya hana ruwa shiga huhu, kuma yawancin mutane kan farfaɗo cikin daƙiƙu kaɗan in fuska na waje. In bai numfasa ba a hura masa numfashi baki da baki ana jansa zuwa gaɓa ana neman taimako. Ya gama nutso ranar nan, kuma likita ya duba shi. In kuwa abokin na can yana ɗaukar hoton kunkuru, rufewar maƙogwaron ba ta daɗewa. Gaɓa na mita 40, mutane na shan shayi suna kallon teku, ba wanda zai ga komai, domin mai kwance rub da ciki a saman ruwa a Tulamben kama yake da kowane mai kallon kifi.

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A ganina wanda ya yi kwas ɗin ya fi abokinsa shiga haɗari a wannan safiya, domin ya iya daidaita kunne, ya saba da zaburar ciki har ba ta tsorata shi, saboda haka zai iya kai kansa inda ɗayan ba zai kai ba. Abin da bai ɗauko daga kwas ɗin ba shi ne igiya da malamin da ke bin sa.

Abin da jirgi ya ƙara a kan nutso na yau da kullum

Babbar tambaya ita ce ta shiga ciki. Liberty ya farfashe sosai, kuma akwai wuraren da ake ratsawa masu faɗi, ana ganin mafita tun daga mashiga. Hotunan masu ratsa su da numfashi ɗaya sun cika intanet. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: wanda bai sami horo na musamman ba, kuma ba shi da abokin da zai iya kaiwa wannan zurfin ya ɗauko shi, kada ya sa rufi tsakaninsa da sama. Duk amincin nutso da numfashi ɗaya ya rataya ne a kan cewa a kowane lokaci kana iya juyawa ka miƙe sama. Dogayen takalman iyo na masu wannan nutso kan maƙale a ƙarfe, igiyar kyamara ko ɗamara kan kama, kuma a kafa mai mutum ɗaya kana iya yin kiciɓis da mai tukunya yana fitowa. Shi yana da iskar rabin awa da zai jira da ita, kai kana da daƙiƙa 20. Ga shi kuma jirgin ya haura shekara 100 da ƙerawa, tsatsa na cinsa, sassansa na rushewa lokaci zuwa lokaci, a yankin da ƙasa ba ta daina motsi ba. A 2017 ma Agung ya sake tashi, aka kwashe fiye da mutum 100,000 daga kewayensa. Kafar da wani ya ratsa a bidiyon shekara biyar da ta wuce ba lallai tana nan yadda take ba.

Cunkoso ma abin lura ne. Motocin masu zuwa yini ɗaya daga kudancin Bali kan iso da hantsi, daga nan zuwa azahar jirgin kan cika da masu tukunya. Kumfar da suke fitarwa na tasowa kamar labule, ta ɓoye mai nutso daga idon abokinsa. Akwai kuma wata karamci mai kisa: mai tukunya ya ga mai numfashi ɗaya a ƙasa ya miƙa masa bakin iskarsa. Kada a karɓa. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninkawa biyu kafin a kai sama, kuma wanda ya saba riƙe numfashi yana tasowa zai riƙe ta, huhu ya yage. Haka iskar da ke taruwa a ƙarƙashin ƙarafa daga kumfar masu tukunya, ita ma a matse take, kuma an riga an shaƙe ta.

Mutane da yawa kan haɗa biyun a rana ɗaya, su yi nutson tukunya da safe, da yamma su koma da tabarau kawai don su huta. Tsarin a juye yake. Bayan nutson tukunya akwai ragowar iskar naitrojin a jiki, kuma saukowa da tasowa da sauri irin na mai numfashi ɗaya na iya tayar da kumfa a jini. Sai a bar shi sai washegari. Ko ba tukunya ma, nutso mai zurfi a jere ba hutu na iya kawo irin wannan ciwo, wanda masu neman lu'ulu'u a tsibiran Tuamotu ke kira taravana. Shi ya sa ake koyar da hutu a sama wanda ya ninka lokacin nutson aƙalla sau biyu zuwa uku. A ɗakin matsin iska na asibiti ake jinyar wannan ciwo.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Akwai kifaye masu dafi da ke kwance a kan ƙarfe launinsu ya saje da shi, akwai wasu tsiro-tsiro masu kama da gashin tsuntsu da ke ƙona fata, ga bakin ƙarfe mai tsatsa. Hannu ya zauna a jiki. Wani lokaci ruwan kan ja ta gefen gaɓa, ya ɗauke wanda ke hutawa a sama daga inda abokinsa zai fito. Ƙananan kwalekwalen nan masu fikafikan gora a gefe da ake kira jukung suna wucewa, kuma kan mutum a ruwa ba ya ganuwa daga nesa.

Tsarin da ya dace da wurin

In aka duba duk abin da ya gabata, gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mutum biyu, ko uku ma ya fi, ɗaya ne kawai ke ƙasa a kowane lokaci. Na sama yana bin na ƙasa a kwance duk inda ya nufa, ba kyamara a hannunsa, ya kuma ci gaba da kallonsa rabin minti bayan ya fito, a nisan da hannu zai kai. A yanke zurfi da lokaci tun a gaɓa, kuma zurfin ya zama wanda mai raunin cikinsu zai iya kaiwa ya ɗauko mutum, domin abokin da ba ya wuce mita 8 ba zai tsare mai zuwa 18 ba. A tafi da abin shawagi mai launi, irin aikin da gora ke yi wa masunci, don a huta a kansa kuma masu kwalekwale su gani. Dalma kada ta yi yawa: mutum ya kasance yana shawagi a sama ko ya fesar da numfashi, ya daidaita a wajen mita 10, ɗamarar kuma mai saurin kwancewa da hannu ɗaya. A cire bututu daga baki kafin a nutse. Numfashin shiri ya zama na mai shirin barci, sannan a cika huhu sau ɗaya.

Da wannan tsari, gefen jirgin na mita 5 zuwa 10 ya ishi sabon shiga kwana uku bai gama kallo ba, kuma nan ne haske ya fi yawa, launin murjani ya fi fitowa. Mai numfashi ɗaya ma yana da abin da mai tukunya ba shi da shi: ba ya kumfa, ba ya ƙara, kifi na barinsa ya matso.

Akwai haƙƙin masu wurin. Ƙauyen ya kafa dokokin gargajiya irin waɗanda mutanen Bali ke kira awig-awig, da suka hana kamun kifi a jirgin da ɗaukar wani abu daga jikinsa, kuma su ne dalilin da kifin ke da yawa har ba ya gudun mutum. Mai nutso da numfashi ɗaya ba ya buƙatar mai dako, ba ya hayar tukunya, yana iya shiga ya fita bai bar ko kwabo a ƙauyen ba. Ya kamata ya biya kuɗin shiga da ake karɓa, kuma in zai iya ya ɗauki jagora ɗan gari a ranar farko. Jagoran ya san wane ƙarfe ne ya motsa bana, ya san lokacin da ruwa ke juyawa, ya kuma san ta inda ake fita in raƙuman ruwa sun fara mirgina duwatsu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8. Teku ta fi kwanciya, motocin kudu ba su iso ba, babu kumfar da za ta shiga tsakanin mai nutso da mai tsaronsa, kuma kifayen nan masu ƙullutu a goshi ba su riga sun bar jirgin ba. In sama ta washe, wanda ke hutawa a kan abin shawagi yana iya ɗaga kai ya ga Agung tsaye a bayan ƙauyen, sannan ya mayar da fuska ruwa ya ci gaba da bin abokinsa da ido.